Me ya sa weil ke korar aikatau zuwa ƙarshen jimla, deshalb kuwa ba ya korarsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin rubuta jarrabawar Jamusanci ta matakin B1. Kalmomi ba su cika ba ni wahala ba, amma da zarar na zo haɗa jimla biyu sai komai ya dagule. Na rubuta *Ich lerne Deutsch, weil ich will in Deutschland arbeiten*, malamarmu ta sa jan biro ta mayar da *will* can ƙarshe. Washegari na yi amfani da *deshalb*, na kai aikatau ƙarshe kamar yadda ta nuna mini, ta sake ja mini layi. Ga shi kuma a YouTube na ji Bajamushe da bakinsa ya ce *weil ich hab keine Zeit*. To wanne zan kama? Kuma akwai hanyar gane waɗannan kalmomi ba sai na haddace su ɗaya bayan ɗaya ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'a a jarrabawa. In na fahimce ki, tambaya uku ce a ƙunshe cikin ɗaya: me ya sa wasu mahaɗai (kalmomin haɗa jimloli, irin su *weil*, "saboda", da *deshalb*, "shi ya sa") ke sauya wa aikatau mazauni wasu kuma ba sa taɓa shi, me ya sa bakin Bajamushe ya saɓa wa biron malamarki, sannan ko akwai yanke. Malamarki tana da gaskiya duka sau biyun. Wanda kika ji a YouTube shi ma ba ƙarya ya yi ba. Yanke kuwa akwai shi, kuma rabinsa yana cikin Hausar da kike yi kullum.

Sai mu fara daga turke. A jimlar Jamusanci mai tsayawa da ƙafarta, aikatau ɗin da ke sauya kama gwargwadon mai yin aikin (*ich lerne, du lernst, er lernt*) gurbi na biyu ne mazauninsa. Ban ce kalma ta biyu ba, gurbi na biyu na ce. *Ich lerne heute Deutsch. Heute lerne ich Deutsch. Nach der Arbeit lerne ich Deutsch.* A ta ukun kalma uku ce a gaba, amma dunƙule ɗaya ne, gurbi ɗaya suka cika, sai aikatau ya biyo, *ich* ya koma bayansa. Mu a Hausa "yau" ba ya ture kowa: ina karatu, yau ina karatu. Shi ya sa kusan duk Bahaushen da na koyar ya taɓa rubuta *Heute ich lerne*. Idan wannan bai zauna ba, batun mahaɗai ba zai taɓa zama ba, domin duk abin da za a tambayi mahaɗi shi ne: a ina ka zauna, kuma ina ka bar wa aikatau?

Abin da kunnenki ya riga ya sani

Ki faɗi wannan a ranki: "Sun zo." Yanzu ki sa "lokacin da" a gaba. Ba za ki ce "lokacin da sun zo" ba, bakinki ma ba zai yarda ba, "lokacin da suka zo" za ki ce. "Yana aiki" kuma ya koma "inda yake aiki". Ba wanda ya zaunar da ke ya ba ki jadawali, amma kin san akwai kalmomin da in suka shigo gaban jimla sai lamirin, wato irin su "sun" da "yana", ya sauya riga, akwai kuma waɗanda ba ruwansu: "amma sun zo", "kuma sun zo". To abin nan ne a Jamusanci, sai dai su ba riga aikatau ke sauyawa ba, wurin zama yake sauyawa. Na daɗe ina koyarwa kafin in lura da wannan, kuma tun da na fara buɗe darasin da shi ɗalibai suka daina ganin lamarin kamar mugunta ce Jamusawa suka shirya wa baƙi.

Ga magana ɗaya da aka faɗa ta hanya uku. *Ich bleibe zu Hause, denn ich bin krank. Ich bleibe zu Hause, weil ich krank bin. Ich bin krank, deshalb bleibe ich zu Hause.* Duka ukun suna nufin ba ni da lafiya, ina gida. Ki bi *bin* da *bleibe* da ido ki ga inda suka faɗa.

*Denn* kamar baƙo ne da ya tsaya a ƙofar gida yana sallama, bai shigo ba. Ba a ƙirga shi cikin gurabu, jimlar da ke bayansa tana nan yadda take: *ich* na ɗaya, *bin* na biyu. Irinsa ba su da yawa, biyar ne ake yawan haɗuwa da su, *aber, denn, und, sondern, oder*, kuma malamai kan tattara harufansu na farko su ce ADUSO. Waɗannan biyar ɗin kaɗai nake cewa a haddace kamar karatun allo.

*Weil* kuwa yana shigowa ne ya karɓe gidan. Gangar (wato ɓangaren jimlar) da ya jagoranta ba ta iya tsayawa ita kaɗai, dogarau ce, kuma alamar hakan ita ce aikatau ya koma can ƙurya. Danginsa suna da yawa: *dass* (cewa), *wenn, als, ob, obwohl* (duk da cewa), *damit, bevor* (kafin), *nachdem* (bayan da), *während, bis, sobald* (da zarar), *falls, da, seitdem*. Ki lura da yawansu a Hausa ma su ne masu jawo "da" ko "cewa", masu barin mai sauraro yana jiran ƙarashen magana. In kika ce wa mutum "duk da cewa na gaji" kika yi shiru, zai ce miki "sai me?". Kalmar da ke barin mutum a rataye haka, mafi yawanci ta gidan *weil* ce.

*Deshalb* shi ne ya yaudare ki, kuma ba ke kaɗai ba. A gaskiya shi ba mahaɗi ba ne na asali, bayanau ne irin su *heute* da ke yin aikin haɗi. Yana shigowa ya zauna a gurbi na ɗaya, aikatau ya biyo shi a na biyu, mai aikin ya koma na uku, daidai da *Heute lerne ich*. Ga gwajin da nake ba ɗalibai: ki gwada tura kalmar cikin tsakiyar jimla. *Ich bin krank, ich bleibe deshalb zu Hause.* Ta zauna daram. Ki gwada hakan da *weil* ko *denn*, jimlar ta rushe. Duk kalmar da ta yarda a matsar da ita ciki ta gidan *deshalb* ce: *deswegen, darum, trotzdem, dann, danach, außerdem, sonst, also*. (*Aber* yana da ɗan taurin kai, shi ma yakan shiga tsakiya, *ich habe aber keine Zeit*, amma in yana gaba ba ya cin gurbi.)

Akwai kuma bambancin ma'ana da mutane ke mantawa saboda sun shagala da aikatau. *Weil* da *denn* suna gaban dalili, wato "saboda". *Deshalb* yana gaban sakamako, wato "shi ya sa". Na sha ganin *Ich bin krank, weil ich zu Hause bleibe*, nahawu lafiya lau, amma marubucin ya ce zaman gida ne ya sa masa ciwo. Haka *obwohl* da *trotzdem*: na farko "duk da cewa", na biyu "duk da haka". *Obwohl er Fieber hat, geht er zur Arbeit. Er hat Fieber, trotzdem geht er zur Arbeit.* Hausa ta raba su tsaf, ki bi ta.

Wane ne ke komawa ƙarshe?

A jimlarki aikatau biyu ne, *will* da *arbeiten*. Wanda ke sauya kama shi ke zuwa ƙarshen ƙarshe: *weil ich in Deutschland arbeiten will*. Haka a lokacin da ya shige: *weil der Patient nichts gegessen hat*, *hat* ne ya rufe ƙofa. Aikatau masu rabuwa biyu kuma, irin su *aufstehen*, a nan suke sake haɗewa: *Ich stehe um fünf Uhr auf*, amma *weil ich um fünf Uhr aufstehe*, a rubuce kalma ɗaya. Akwai togaciya guda da za ki ci karo da ita nan gaba, inda ake cewa *weil ich habe arbeiten müssen*. Kada ta ɗauke miki hankali yanzu. Ki ce *weil ich arbeiten musste*, daidai ne, kuma shi aka fi ji.

Kuskuren da ya fi wannan yawa a takardun ɗalibaina shi ne na gajiya a tsakiyar hanya. Mutum ya fara da kyau, *weil ich müde bin*, ya sa *und*, sai ya manta har yanzu yana cikin gidan *weil*, ya rubuta *und habe Kopfschmerzen*. In dalili na biyu ne, ikon *weil* bai ƙare ba: *weil ich müde bin und Kopfschmerzen habe*.

Idan kuma ganga dogarau ce ta zo a farko, ita gaba ɗayanta ta cinye gurbi na ɗaya, don haka aikatau na babbar jimla ke biyo bayan waƙafi nan take. *Bevor ich das Medikament gebe, messe ich den Blutdruck.* Aikatau, waƙafi, aikatau, *gebe, messe*, suna kallon juna. In kika duba takardarki kika ga *ich* ne a bayan waƙafin, to akwai gyara. *Denn* ba ya iya wannan, ba a buɗe magana da shi a kawo sakamako daga baya, kuma in aka tambaye ki *Warum?* da *weil* ake amsawa.

Inda Hausa ke taimako da inda take sa tuntuɓe

Wannan ne ɓangaren da littattafan koyo ba za su gaya miki ba, don ba domin Bahaushe aka rubuta su ba. Yawancinmu muna bi ta Turanci ne mu isa Jamusanci, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ta Faransanci, alhali a wurare da dama hanyar ta fi kusa in an tashi daga Hausa kai tsaye.

Ɗauki *als* da *wenn*. Mai tunani da Turanci kalma ɗaya yake da ita ga duka biyun, har da *wann* ta tambaya, sai ya yi ta canki-canka. Ke kuwa kina da "da" kina da "in". "Da na isa Kano, ana ruwa": abu ne da ya faru sau ɗaya ya wuce, *Als ich in Kano ankam, regnete es*. "In na isa zan kira ki": bai faru ba tukuna, *Wenn ich ankomme, rufe ich dich an*. "Duk lokacin da na je" kuma *wenn* ne ko da a da ne, sau da yawa da *immer* a gabansa. Zamanin da ya wuce gaba ɗaya ana ɗaukarsa sau ɗaya ne: *als ich Kind war*, da ina yarinya. "Yaushe" ita ce *wann*, ko a tambaya kai tsaye ko a cikin jimla: *Ich weiß nicht, wann der Arzt kommt*.

Haka *wenn* da *ob*. Turanci da Faransanci duka suna da kalma ɗaya da ke ɗaukar ma'anar biyun. Hausa ta raba: "idan ya zo" daban, "ban sani ba ko zai zo" daban. Na farko *wenn*, na biyu *ob*: *Ich weiß nicht, ob er kommt*. Sai dai a nan Hausa ma tana da nata ramin, domin "ko" ɗinmu aiki biyu yake yi. "Shayi ko koko" *oder* ne, ɗan ADUSO, ba ya taɓa aikatau. "Ko zai zo" na shakka *ob* ne, yana kai aikatau ƙarshe. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta wa mai gidan haya *Ich möchte wissen, oder das Zimmer ist frei*. Na gane abin da yake nufi nan take saboda na ji Hausar da ke ƙarƙashi, amma Bajamushe sai ya karanta sau biyu.

"Don" ma haka yake. "Na kwanta don na gaji" dalili ne, *weil*. "Na zo don in taimaka" manufa ce, kuma kin ji yadda lamirin ya koma "in". Manufa a Jamusanci *damit* ce ko *um ... zu*. In mai aikin ɗaya ne a ɓangarorin biyu, *um ... zu* ya fi daɗi: *Ich lerne Deutsch, um in Deutschland zu arbeiten*. In mutum biyu ne, dole *damit*: *Ich spreche langsam, damit der Patient mich versteht*. Ni da zan ba ki shawara, jimlarki ta farko ma da *um ... zu* ta fi fita.

Sai "amma". *Aber* ne a mafi yawan wurare. *Sondern* yana zuwa ne kawai bayan korewa, inda ake cire abu a maye gurbinsa da wani, irin namu na "ba Litinin ba ce, Talata ce": *nicht am Montag, sondern am Dienstag*. In ba musanya ake yi ba, ko da akwai korewa a gaba, *aber* ne: *Das Zimmer ist nicht groß, aber hell*, ɗakin ba shi da girma amma yana da haske.

Na ƙarshe shi ne "sai". Mu da shi muke jan labari: sai ya tashi, sai ya fita, sai ya gamu da wane. A Hausa daɗi ne da shi. In aka kwashe shi zuwa Jamusanci sai ya zama *und dann, und dann, und dann*, wanda a kunnensu maganar ƙaramin yaro ce. Nan ne *danach, später, schließlich* da *nachdem* ke da amfani. Shi *nachdem* yana son lokaci ya ja baya taki ɗaya a gangarsa: *Nachdem er gegessen hatte, schlief er ein*.

Bajamushen YouTube

Kunnenki bai yi ƙarya ba. A hira ta yau da kullum Jamusawa da yawa suna cewa *weil ich hab keine Zeit*, galibi da ɗan tsayawa bayan *weil*, kamar mai tattaro tunani. Masana harshe sun daɗe suna nazarin abin, kuma sun lura wani lokaci ma'anar ma ta ɗan bambanta. Wanda ya ce *Es hat geregnet, weil die Straße ist nass* ba yana nufin jiƙewar titi ce ta jawo ruwa ba, hujjarsa ce yake ba ki ta cewa an yi ruwa. Amma wannan harshen baki ne. A rubutu kuskure ake ɗaukarsa, kamar yadda muke cewa "zan je gun shi" a hira amma ba ma sa shi a takardar neman aiki. Ko a jarrabawar baka ina ba ɗalibaina shawara su kai aikatau ƙarshe, don mai saurarensu ya ji sun iya. Ɗan gari in ya karya ƙa'ida an san ya san ta, baƙo in ya karya sai a ɗauka bai sani ba.

Ni ma na sha nawa. A watannina na farko a Jamus na je wani ofishi neman a ɗaga mini ranar ganawa. Na buɗe da *weil*, na jero ranar da wurin da sunan kwas ɗin da nake yi, kafin in kai ƙarshe na manta da wane aikatau na taso. Matar tana riƙe da biro tana kallona, ba ta ce uffan ba, jira take in rufe jimlar, domin a wurinta ban ce komai ba tukuna. Tun ranar na koyi zaɓar aikatau a raina kafin in furta *weil*, da kuma gajarta abin da ke tsakani.

Waƙafi da jarrabawa

Waƙafi a Jamusanci ba wurin shan numfashi ba ne, doka ce. Kowace ganga dogarau sai an raba ta da waƙafi, haka kuma gaban *aber, sondern* da *denn* in suna haɗa jimloli. Tsakanin cikakkun jimloli biyu da *und* ko *oder* ya haɗa, tun gyaran ƙa'idar rubutu na 1996 an bar wa marubuci zaɓi. Wannan gyaran ne kuma ya mayar da *daß* zuwa *dass*, don haka in kika samu tsohon littafi kada ki ɗauka wata kalma ce daban. Rarrabe *das* da *dass* kuwa ga dabarar da yaransu ke koya a makaranta: in za ki iya sa *dieses, jenes* ko *welches* a wurin, *s* ɗaya ne. In "cewa" ce, biyu ne.

Idan jarrabawar Goethe-Institut, cibiyar koyar da Jamusanci, za ki yi, ɓangaren rubutu na B1 minti 60 ne, aiki uku: biyu na kimanin kalma 80, ɗaya na kimanin 40, kuma ana cin kowane ɓangaren jarrabawar, har da na rubutun, da maki 60 cikin 100. Yadda tunani ke haɗuwa da juna yana cikin abubuwan da ake ba maki a kai, ban da nahawu da kalmomi. Wannan ke sa wasu su cusa mahaɗi a kowane layi kamar mai zuba yaji a miyar da ba ta nuna ba. A wasiƙar kalma 80, mahaɗai biyar ko shida mabambanta da suka zauna daidai sun wadatar a ganina: *weil* ɗaya, *dass* ɗaya, *deshalb* ko *trotzdem*, *wenn*, *aber*. Masu tagwaye irin su *nicht nur ... sondern auch* da *entweder ... oder* in kin riƙe ɗaya da kyau ya isa. *Je ... desto* ki bar shi sai kin doshi B2, wanda galibi shi ake nema a wurin ma'aikatan jinya, don haka za ki dawo kansa.

Ni ba mai duba takardun jarrabawa ba ne, malami ne, kuma ban ga rubutunki ba sai wannan jimla ɗaya. Malamarki da ke ganinsa kowane mako ta fi ni sanin inda kike zamewa. Ki kuma sani gane ƙa'idar abin yini ɗaya ne, amma kafin baki ya saba ya riƙa yi ba tunani, ɗalibaina masu ƙwazo ma sukan ɗauki watanni.

Abin da nake sa su yi shi ne kada su rubuta mahaɗi shi kaɗai a littafin kalmomi. Kowanne a rubuta shi da gajeriyar jimla daga aikin mutum, a ja layi ƙarƙashin aikatau, a karanta da ƙarfi har kunne ya riƙe amon. Ke ga naki na wannan makon. Ɗauki *Der Patient hat Schmerzen* da *Er kann nicht schlafen*, ki haɗa su sau huɗu: da *denn*, da *weil* a tsakiya, da *weil* a farko, da *deshalb*. Sannan ki sauya ta biyun zuwa *Er schläft gut*, ki haɗa da *obwohl* da *trotzdem* da *aber*. Jimla bakwai ke nan. Ki kai wa malamarki ta duba, ki ce ta zo da jan bironta.